Gonar mata a ƙarƙashin tekun Zanzibar

 Da yawa cikinmu mun taɓa cin karo da irin hoton nan mai yawo cikin wayoyi: ruwa shuɗi tas, farin rairayi na haske daga ƙarƙashi, ga mutum guda kwance rigingine bisa ruwan kamar ganyen da iska ta kaɗo, kuma daga sama aka ɗauko shi. Wasu kan ce haɗin kwamfuta ne. A'a, wuraren na nan, ɗaya ma cikin Afirka yake: Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya. Ɗiyar ƙanwata, wadda sana'arta ɗaukar hoto, ta samu aiki a birnin Darussalam ta ce in raka ta. Da aikin ya ƙare muka tsallaka tsibirin, muka yi kwana 6. Tsarabar da na kawo muku ita ce: wurin da baƙi ke biyan kuɗi su kwanta a ɗauke su hoto gona ce, kuma mata ke noma ta.

Inda wurin yake

Zanzibar tarin tsibirai ne cikin tekun Indiya, manyansu 2: Unguja da Pemba. Pemba ta yi suna da kanumfari, wannan dai da muke sakawa cikin kunu da yaji. Unguja, inda muka sauka, tsawonta wajen kilomita 85, ba ta kai tafiyar Maraɗi zuwa Tasawa ba. Ƙidayar 2022 ta ba da mutum kusan miliyan 1.9, galibinsu Musulmi, harshensu Swahili. A 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Samia Suluhu Hassan, mace ta farko da ta shugabanci ƙasar tun 2021, ƴar kudancin Unguja ce.

Kunnen Bahaushiya ba ya rasa abin kamawa a can, don mu da su duk mun ari kalmomi daga Larabci. Sabulu su ce sabuni, labari su ce habari, duniya dunia, Alhamis Alhamisi. Yaro in zai gaida babba ya ce shikamoo, babba ya amsa da marahaba.

Daga Darussalam jirgin ruwa mai gudu na yin wajen awa 2. Ana sauka tsohon gari, Mji Mkongwe, mai lunguna da ƙofofin katako masu zane, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Daga nan muka shiga motar haya da suke kira dala-dala, sunan da ya ba mu dariya, muka miƙa gabas wajen kilomita 50. Hanyar ta ratsa dajin Jozani mai jajayen birai, ta kai mu ƙauyen Paje. Kudu da shi kaɗan akwai Jambiani.

Teku mai tafiya ya dawo

Wadda ba ta taɓa ganin teku ba za ta ɗauka babban tabki ne. Tabki dai inda kika bar shi da safe nan za ki tarda shi da marece. Teku kuwa sau 2 yake janyewa cikin yini da kwana, sau 2 ya dawo. Wajen awa 6 yana tafiya, wajen awa 6 yana dawowa, kuma kowace rana lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan. Shi ya sa janyewar ta fi nisa lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, daren 14 da 15. Waɗannan kwanaki su ake kira bamvua, kuma da su matan bakin teku ke lissafin aikinsu, kamar yadda muke lissafin ranar kasuwa.

A Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai ki yi tafiyar da ta fi kilomita guda cikin ruwan da bai wuce ƙauri ba. Can nesa za ki hango wani farin layi kamar an ja alli: nan ne manyan igiyoyin ruwa ke karyewa bisa shingen duwatsun murjani. Shingen nan shi ne katangar gidan. Shi ke tare ƙarfin teku, ya bar ruwan ciki kwance lafiya lau. Farin rairayin ma yawancinsa garin murjani ne da ɓawon katantanwa da ruwa ya niƙa shekara da shekaru, don haka ba ya ƙuna a tafin ƙafa kamar namu na watan bazara.

Sai dai kwanciyar ruwan nan tana da lokaci. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa ke busawa, kaskazi. Daga wajen Yuni zuwa Satumba kuma ta kudu, kusi, wadda ta fi ƙarfi. A waɗannan watanni da hantsi ya yi, sai bakin Paje ya cika da baƙi masu rataye jikin manyan lemomi, iska na jan su bisa ruwa. Mai biɗar ruwa shiru sai ta yi sammako.

Abin da ɗan jirgi ya gani

Hoton sama da ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi ake ɗaukar shi, wanda samari ke kira duron. Bai fi faifai faɗi ba, yana da farfela 4 da ido a ƙarƙashi, mai shi na tsaye ƙasa yana kallon allo. Batirinsa minti 20 zuwa 30 yake yi. Iska mai ƙarfi abokiyar gabarsa ce, in kuwa ya faɗa ruwan gishiri, sai dai haƙuri.

Ba a tada shi haka kawai. Sai an yi masa rajista wurin hukumar jiragen sama ta Tanzaniya, an kuma samu izinin hukumomin Zanzibar. Wadda ta shigo da shi ba takarda, ana iya riƙe shi tun filin jirgi. Saboda haka ɗiyata ta bar maganar kawo nata, muka yi jinga da wani saurayi ɗan ƙauyen mai takardunsa. Kafin ya tada jirgin ya gaya mana sharaɗinsa: ba ya saukowa kusa da kan mutane, ba ya ɗaukar fuskar mace sai ta yarda.

Wajen ƙarfe 10 na safe ruwa ya gama janyewa, rana ta yi sama yadda haskenta ke ratsawa har ƙasa. Ya ce lokacin ne launin ruwa ke fitowa. Jirgi ya tashi yana ƙugi kamar taron zuma. Ɗiyata ta leƙa allon, ta yi shiru, can ta ce: "Inna, zo ki ga gonaki."

Wallahi gonaki ne. Daga inda nake tsaye ba na ganin komai sai ruwa da wasu ƴan sanduna. Daga sama kuwa ga su nan fili-fili, murabba'i kusa da murabba'i, kowanne da layukansa baƙi-baƙi a jere kamar kunyar gyaɗa. Tsakaninsu ga ƴan hanyoyi, kowace gona da iyakarta. Ga ɗigo-ɗigon launi, ja da ruwan ɗorawa da kore: mata ne zaune cikin ruwa da zannuwansu na kanga. Kusa da gaɓa kuma ga tarin duwatsu nan da can. Saurayin ya ce ɓawon kwakwa ne mata ke binnewa ƙarƙashi ya yi watanni, in ya yi laushi su daka su murza igiya.

Mutanen Zanzibar sun san amfanin irin wannan ido tun da jimawa. A 2016 aka fara wani aiki da tallafin Bankin Duniya, inda ɗaliban jami'ar Zanzibar suka riƙa tada irin waɗannan jirage suna zana taswirar tsibiran, don a san iyakar filaye da unguwannin da ambaliya ke ci. Ke nan abin ya wuce wasan baƙi.

Amma na ga ɗaya fuskar tasa. Washegari wasu baƙi daban suka sauko da nasu jirgin daf da kan wasu mata masu aiki. Wata dattijuwa ta ja gefen kanga ta rufe fuska, ta juya baya, hannunta bai bar igiya ba. Ku auna da kanku: kina duƙe kina cirar gyaɗa, jiki duk ƙasa, sai ga ido bisa kanki, ba sallama, gobe hotonki na ƙasar da ba ki sani ba. Kalmar neman izini guda ce: naomba kupiga picha, wato ina roƙon in ɗauki hoto. In an ce hapana, to a'a ke nan, sai ki yi godiya ki wuce.

Yadda ake noman

Abin da suke nomawa ciyawar teku ce, sunanta mwani. A 1989 aka fara noma ta don sayarwa a waɗannan ƙauyuka 2, da irin da aka kawo daga ƙasar Filifin. Yau mutum sama da 20,000 ke wannan aiki a Zanzibar, kuma wajen 8 cikin kowane 10 mata ne.

Ba garma, ba taki, ba jiran damina. A kafa turaka 2 cikin rairayi, a ɗaure igiyar leda tsakaninsu, a bi igiyar ana ɗaura ƴan rassan ciyawar da zare. Bayan mako 6 kowane reshe ya zama dami. A kwance, a ware iri a mayar, sauran a zuba buhu a jawo shi gaɓa, a shanya kwanaki har ya bushe, a sayar da kilo ga masu fitarwa waje. A masana'antun ƙetare ake tatsar wani abu mai kauri daga jikinta, wanda ke shiga man goge baki da yawurt da magunguna da man shafawa. Mai yiwuwa akwai gumin matar Jambiani cikin man goge bakin da ke ɗakinki.

Na zauna kusa da wata da ta yarda, saurayin nan na yi mana tafinta. Ta nuna mini tafin ƙafarta, duk tabon ƙayar wata halittar ruwa mai kama da bushiya. Ta ce baya na ciwo, ido na ciwo saboda ƙyallin rana bisa ruwa, kuma mai saye shi ke yanka farashi. Amma da kuɗin nan ta sa kwano bisa ɗakinta, ta biya wa ɗiya makaranta, ba ta jira kowa ba. Da na tambaye ta inda take ajiya, sai ta siffanta mini akwati mai kwaɗo 3 da zubin mako-mako. Na yi dariya na ce: "Yaya, ai daga garinmu akwatin nan ya taso." Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, shi ne ta kai ƙauyukan kewayen Jozani a farkon shekarun 2000. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Ruwa ya yi zafi

Ga inda damuwar take. Ciyawar iri 2 ce. Akwai kotoni mai tsada, akwai spinosum mai araha. Ruwan bakin gaɓa, da yake ba shi da zurfi, yana ƙara ɗumi shekara bayan shekara. Kotoni ba ta jure zafi: sai reshenta ya yi fari, ya ruɓe, ya gutsure. A wurare da yawa ta daina yi ɗungurungum, aka bar mata da mai arahar. Aiki bai ragu ba, kuɗi ya ragu. Mu da muka ga gonar hatsi ta daina ba da abin da take ba iyayenmu, mun san zafin wannan.

Wata masaniyar kimiyyar teku ƴar ƙasar, Dakta Flower Msuya, ta daɗe tana aiki da manoman nan. Hanya 2 ta nuna musu. Ta farko, kada a sayar da ciyawar ɗanya duka: a niƙa ta gari, a yi sabulu da man shafawa da abin sha. A Paje mun shiga wani wuri inda mata ke yin sabulun, baƙi na saye da daraja. Ta biyu, a matsa da gonar cikin ruwa mai zurfin mita 2 zuwa sama, inda ya fi sanyi, a zuba irin cikin dogayen raga masu kama da hannun riga, a bar su suna reto.

To amma ruwa mai zurfi sai da jirgi, sai kuma da iya iyo. Mafi yawan matan nan, duk da bakin teku aka haife su, ba su iya ba. Tun tasowarsu iyo na maza ne, kuma babu suturar da mace za ta shiga ruwa da ita mutuncinta a rufe. Abinci ya matsa gaba, ƙafa ba ta kai ba.

Kwanciya bisa ruwa

Wannan ya sa kwana 2 na ƙarshe muka koma can ƙuryar arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, don a nan ne aka fi koya wa mata iyo. A wannan gefe ruwa ba ya janyewa da nisa, ana iya shiga kowane lokaci, kuma a Kendwa yakan kwanta kamar mai cikin kasko. A Nungwi ne kuma ake sassaƙa manyan jiragen katako masu filafilai.

Mutanen nan ba su manta da watan Satumba na 2011 ba, lokacin da jirgin Spice Islander, maƙare da mutane da kaya a hanyarsa ta zuwa Pemba, ya nutse cikin dare a ruwan da ke gaban Nungwi. Ɗaruruwan rayuka suka tafi. Wata ƙungiyar garin mai suna Panje Project na koya wa yara da mata iyo da ceton wanda ya faɗa ruwa, ta kuma samar da rigar iyo mai rufe jiki daga kai har idon sawu. Wata mai ɗaukar hoto daga Amurka, Anna Boyiazis, ta ɗauki matan suna kwance bisa ruwa rungume da bidon roba, irin dai namu na ɗibar ruwa. Hotunan sun samu kyauta a gasar World Press Photo ta 2018. Kwanciyar da baƙuwa ke yi don hoto, ita ce darasin farko da ake koya wa ƴar gari don ta tsira da ranta.

Ni ma na shiga, da dogon wando da riga da ɗan hijabi mai kama kai, inda ruwa ya kawo mini ƙirji. Wata budurwa da ta koya ta sa tafin hannunta ƙarƙashin bayana. Ta ce: "Mama, ki sa kunnuwanki cikin ruwa, ki ɗaga haɓa, ki kalli sama. Buɗe hannuwa. Ja numfashi a hankali." Dalilin a fili yake. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35, don haka ya fi ruwan rijiya nauyi, ya fi shi ɗaga jiki. Huhu cike da iska kuma shi ne bidon da Allah ya saka wa kowa cikin ƙirji. Abin da ke nutsar da mutum shi ne firgita: ya ɗaga kai, ya ɗaga hannu sama, ƙafafu su yi ƙasa, iska ta fita.

Da kunnuwa suka shiga ruwa sai duniya ta yi tsit, ban jin komai sai numfashina. Ciwon gwiwar da nake fama da shi ya tafi hutu. Can na ji muryarta daga nesa tana cewa ta daɗe da janye hannunta. Ɗiyata ta samu hoton da ta zo biɗa: tsohuwa daga Maraɗi shimfiɗe bisa tekun Indiya.

Ga mai niyya

Daga Yamai ana bi ta Adis Ababa. A nemi biza tun daga gida, da wuri. Tun Oktoba 2024 Zanzibar na sa kowane baƙo ya biya inshorar tafiya ta dalar Amurka 44. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne mai yawa, masika, ba lokacin hoto ba ne. A tambayi mutanen gari sa'ar dawowar ruwa kafin a yi nisa, don yakan zagayo ta kwari ya tare hanya ta baya. A sa takalmin roba saboda ƙaya. Kada a taka cikin layukan igiya, gonar wata ce. Kada a shiga ruwa ke kaɗai, ko da ya yi kwance kamar tabarma. In za a yi tsaraba, a sayi sabulun daga hannun matan da suka yi shi.

Na san yawancinmu ba za mu taka Zanzibar ba, kuɗin jirgin kaɗai ya fi rabon shekara na ƙungiya guda. Amma abu guda daga can bai buƙatar biza. Damina na zuwa, tabkuna da gulabe za su cika, kuma kowace shekara muna jin gidan da aka yi rashin yaro ko yarinyar da ta je wanki. Ruwanmu ba gishiri, bai kai na teku ɗaga jiki ba, amma dabarar ɗaya ce: rigingine, haɓa sama, hannu a buɗe, numfashi a hankali. A koya ta wuri marar zurfi, marar gudu, gaban babban da ya iya ruwa sosai. Wanda ya ga wani na nutsewa kuma kada ya faɗa bayansa: ya jefa masa bido rufaffe maras komai ciki, ko ya miƙa masa sanda ko zane, ya yi kururuwa. Ku kawo maganar ranar zubi mai zuwa, a ji wace ce cikin ƙungiya ta san wanda zai koyar, mata su koya wa mata.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka cikin abin da muke tarawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.